Shuwaka, Kimba da Ƙwaƙwalwar Ɓera: Abin da Mai Zuwa Gashi Ya Kamata Ya Ji

Jama'a masu saurarenmu, na Sharabi da Bagudo, da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, har da 'yan'uwa na tsallaken iyaka wajen Segbana, duk inda muryarmu ta kai.

Sharhinmu na yau ya shafi abubuwa uku da ba baƙi ba ne a gidan kowa: shuwaka da kimba da namijin goro. Shuwaka tana nan cikin gidaje, an dasa ta gindin makwarara. Kimba tana faifan mai kayan yaji tare da masoro da kanumfari da citta, yajin mai jego ba ya cika babu ita. Namijin goro kuwa daga kurmi yake zo mana, ba ka rasa shi a aljihun dattijo ko direban doguwar tafiya. To waɗannan ukun sun shiga ɗakin gwaje-gwaje a Jami'ar Ibadan. An tatso abin da ke jikinsu an ɗura wa fararen ɓeraye, an haska wa ɓerayen hasken gamma, daga baya an ciro ƙwaƙwalwarsu an duba, kuma an ga alamun kariya. Wannan gaskiya ne, an buga shi a mujallun kimiyya, masu binciken kuma 'yan ƙasarmu ne. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne, irin wannan labari in ya baro jami'a ya biyo ta Facebook da WhatsApp, kafin ya iso kasuwanninmu ya zubar da rabin kayansa a hanya. Rabin nan da ya zube kuwa, a kansa ran majinyaci ya rataya.

Wa ake haska wa kai, kuma a kan wane dalili? Ciwon daji, wanda wasu ke ce wa sankara, ana yaƙarsa a asibiti da tiyata, da allurai masu ƙarfi, da kuma gashi. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an samu sabbin masu wannan ciwo kimanin 127,000 a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Kusan rabin masu ciwon za su buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu. Cikinsu akwai wanda ƙarin ya tsiro masa a ƙwaƙwalwa, akwai na bayan hanci ko maƙogwaro, akwai kuma wadda sankarar mama ta yi nisa har ta yaɗu zuwa kai, abin da ba ƙaramin faruwa yake yi ba a wurinmu, inda mace kan shekara tana ɓoye kullutu kafin ta nuna wa kowa. Mutumin Kebbi in ya kai wannan mataki, yawanci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ake tura shi, ko Shika a Zariya, ko Abuja.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin gashi ba yakan zaci wuta ake sa wa mutum. Babu wuta, babu ma zafi a lokacin. Ana tsoma wani faifan roba mai huji-huji a ruwan ɗumi ya yi laushi, a lulluɓa wa majinyaci a fuska, ya bushe da siffar kansa. Kullum in ya zo sai a kwantar da shi, a sa masa wannan abin, a maƙale shi da gado don kada kai ya motsa. Ma'aikata su fita su rufe wata ƙofa mai kauri, suna kallonsa ta kyamara, na'ura ta yi ƙara na 'yan mintoci, shi ke nan, sai gobe. Ma'aunin hasken ana kiransa gire. In dukan ƙwaƙwalwa za a haska, akan ba da gire 30 a zama 10, mako biyu ke nan. In ƙari ne a wuri ɗaya, yana iya kaiwa gire 60 a zama 30, mako shida, Litinin zuwa Juma'a.

Yadda hasken ke aiki, a nan nake so mu ɗan tsaya, don duk sauran maganar a kansa ta dogara. Jikin ɗan Adam fiye da rabinsa ruwa ne. Idan hasken ya ratsa, yakan farfasa ƙwayoyin ruwan nan, ya bar wasu gutsattsari marasa natsuwa da ba su kai ƙiftawar ido a raye. Amma kafin su shuɗe sun auka wa duk abin da ke kusa da su, bangon ƙwayar halitta da kuma zaren gado da ke cikinta, wanda ake kira DNA. Ƙwayar da zarenta ya tsinke, in ta zo rabuwa don ta hayayyafa sai ta mutu. Ƙwayoyin ciwon daji su ne masu gaggawar hayayyafa, kuma ba su kai lafiyayyu iya gyaran kai ba, shi ya sa gashi ya fi cin su. Shi ya sa kuma ake rarraba shi kaɗan-kaɗan, don lafiyayyen nama ya samu dare guda ya farfaɗo. Ku riƙe wannan da kyau: gutsattsarin nan su ne makamin likita. Kusan kashi biyu cikin uku na ɓarnar da hasken ke yi wa ƙari, ta hannunsu yake yin ta.

Sai dai makamin ba ya tsayawa kan ƙari kaɗai, ƙwaƙwalwa kuma tana da nata rauni. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, ga ta cike da kitse. Duk matar da ta taɓa barin man gyaɗa a buɗe ya daɗe ta san yadda yake juyawa, ya soma wari, ya riƙa maƙaƙi a wuya. Irin wannan lalacewar ce ke samun kitsen ƙwaƙwalwa, sai dai abin da iska ke yi wa mai cikin watanni, haske nan take yake fara shi.

Kwanakin farko akwai kumburi da ciwon kai da amai, suma ta zube. Bayan wata guda zuwa shida wasu sukan shiga kasala da yawan barci, wannan yakan wuce. Wanda likitoci suka fi jin tsoro shi ne na bayan wata shida zuwa shekaru, wato mantuwa. Mutum ya tuna sunan kakansa da iyakar gonar gado, amma ya kasa tuna ko ya ci abincin rana, ya tsaya a salla ya rasa raka'a nawa ya yi. Akwai wani ɗan sashe can ciki, saitin kunne dama da hagu, ana kiransa hifokamfus, shi ke ɗaure sabon abu ya zauna a ka, kuma yana cikin wuraren da haske ya fi saurin illatawa. Ga yara abin ya fi muni, har likitoci kan yi bakin ƙoƙarinsu su kauce wa haska kan yaron da bai kai shekara 3 ba. Saboda haka wanda ya tashi neman abin da zai kare ƙwaƙwalwa daga wannan, aikin alheri ya tasa a gaba, kuma in ya nema cikin itatuwan ƙasarsa masu araha, ya ƙara lada.

Abin da malaman Ibadan suka yi ke nan. A 2008 Oluwatosin Adaramoye na sashen nazarin sinadaran jiki, shi da abokan aikinsa, suka buga bincike kan shuwaka da zoɓorodo da hantar ɓerayen da aka haska. A 2010 ya koma kan ƙwaƙwalwa da gwaji biyu, ɗaya da kimba, ɗaya da wani sinadari na namijin goro mai suna kolabiron. Shi wannan kolabiron, Farfesa Maurice Iwu ne ya fara fitar da shi tun shekarun 1980, mutumin da yawancinmu muka sani a kujerar shugaban hukumar zaɓe, alhali asalinsa masanin magungunan itatuwa ne. A sashen nazarin sassan jiki kuma, Olatunde Owoeye tare da Farfesa Ebenezer Farombi da wasu sun buga nasu kan shuwaka a 2010 da 2011, suka mai da hankali kan ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya, wadda ke riƙe mutum kada ya yi tangaɗi in yana tafiya.

Ga yadda ake irin wannan aiki. A tsinko ganye a shanya a inuwa, a niƙa ya zama gari, a jiƙa shi cikin wani ruwan sinadari mai suna metanol, a tace, sannan a busar da metanol ɗin ƙarƙaf da na'ura, don shi kansa guba ne mai makantarwa. Abin da ya rage ɗan danƙo ne mai duhu a gindin kwalba. Shi ake aunawa daidai da nauyin kowane ɓera, kamar miligiram 250 ga kowane kilo, a zura ɗan siririn bututu ta baki har ciki a ɗura, kullum, makonni kafin ranar haskawa. Ɓerayen an raba su rukuni-rukuni, yawanci shida zuwa goma. Wasu ba a taɓa su da komai, wasu a haska su kawai, wasu a ɗura musu sannan a haska, wasu kuma a ba su bitamin C ko bitamin E don a samu abin aunawa. Da aka duba, waɗanda aka haska ba tare da an ba su komai ba, alamar lalacewar kitse ta hau a ƙwaƙwalwarsu, sinadaran da jiki ke kare kansa da su suka yi ƙasa. Waɗanda suka sha tataccen ganye, ɓarnar ba ta kai haka ba. A gwajin shuwaka har motsewar da ƙaramar ƙwaƙwalwa ke yi ta ragu.

Ina yaba wa waɗannan malamai, kuma ba yabon fatar baki ba. Duk wanda ya san halin ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'inmu, da ɗaukewar wuta, da tsadar sinadaran da sai an yi odarsu daga waje, ya san abin da suka sha kafin su kai ga wannan sakamako. Kuma aikinsu ya nuna cewa kakanninmu ba wauta suka yi ba da suka riƙe waɗannan itatuwa. Akwai abu a cikinsu.

Amma tsakanin danƙon da ke gindin kwalba da abin da ke tukunyar Inna akwai nisa. Uwayenmu in za su yi miyar shuwaka sai sun murje ta, sun wanke, sun sake wankewa har ɗacin ya fita, sannan su dafa. Abin da metanol ya jawo daban, abin da ruwan zafi ya bari daban. Shuwakar fadama da ta tudu, ta damina da ta rani, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma jiƙon da aka zuba a robar ruwa babu mai iya gaya maka miligiram nawa ne a kofi guda. Haskawar ma ba irin ta majinyaci ba ce. A gwajin kimba da na namijin goro, gire 5 aka watsa wa dukan jikin ɓera a lokaci guda. Mutum in ya sha haka a dukan jikinsa ba tare da kulawar asibiti ba, cikin biyu da wuya ɗaya ya tashi. Majinyaci kuwa kai kaɗai ake saita masa, a rarrabe. Sannan ɓerayen nan lafiyayyu ne, sun ƙoshi, an fara ba su tun kafin komai ya same su. Wanda ya taso daga Sharabi ya isa Sakkwato yakan isa a rame, jini ya yi ƙasa, hanta da ƙoda sun gaji da allurai. Yawancin irin wannan bincike kuma yana tsayawa ne kan abin da aka auna a kwalba ko aka gani a madubin ƙara girma bayan 'yan makonni, alhali abin da ya dami iyalin majinyaci shi ne ko Baba zai gane jikokinsa baɗi.

Duk waɗannan da sauƙi. Babbar maganar ita ce, ɓerayen nan babu ƙari a kansu. An tambayi ganye ko zai kare lafiyayyar ƙwaya, ya ce zai kare. Tambayar ko zai kare ƙwayar ciwon daji ita ma, ba ta cikin gwajin. Mun kuwa ji ɗazu cewa gutsattsarin da ganyen ke kashewa su ne makamin likita. Sinadarin da ya shiga jini zagayawa yake yi ko'ina, ya isa lafiyayyen nama, ya isa ƙari.

Wannan ba zato ba ne, an taɓa gwada makamancinsa a kan mutane. A Kwibek ta ƙasar Kanada, wata likita mai suna Isabelle Bairati ta Jami'ar Laval ta jagoranci gwaji kan majinyata 540 masu ciwon daji na baki da maƙogwaro da ake yi wa gashi, an ɗebe su tsakanin 1994 da 2000. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su bitamin E mai yawa kullum, da farko haɗe da wani sinadari na karas, rabi aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki, ba majinyaci ba, ba likitansa ba, babu wanda ya san wa ya samu wanne. Niyyar masu binciken alheri ce zalla, irin niyyar malaman Ibadan. Da sakamako ya fito a 2005, sai aka ga waɗanda suka sha haɗin sun ɗan samu sauƙin illar gashi, amma ciwon ya fi dawo wa masu shan bitamin ɗin. A 2006 aka ƙara duba su, aka ga mutuwa ma ta fi yawa a cikinsu. Da aka zurfafa a 2008, sai aka gano illar ta fi taruwa kan waɗanda suka ci gaba da shan taba a lokacin gashi. Gwajin nan a kan bitamin aka yi shi, ba kan shuwaka ba, wannan haka yake. Amma ku tuna da me aka auna ganyayenmu a Ibadan. Da bitamin C da bitamin E aka auna su, yabon da suka samu shi ne sun yi aiki irin na bitamin. To ga abin da bitamin E ya yi da ya bar jikin ɓera ya shiga jikin mai ƙari. Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin da ya shafi ɗan Adam a jikin ɗan Adam ake ƙarasa shi.

Akwai abubuwan da suka tsallake wannan siraɗi. A 2013 wani gwaji a Amurka da Kanada kan mutum fiye da 500 ya nuna cewa ƙwayar memantin, wadda asalinta ta masu mantuwar tsufa ce, tana ɗan jinkirta dusashewar tunani ga waɗanda aka haska wa dukan ƙwaƙwalwa. A 2020 wani gwajin mai yawan mutane kamar haka ya nuna cewa in aka tsara hasken da kwamfuta ya kauce wa hifokamfus, tunanin majinyaci ya fi tsira, ciwon kuma bai samu ƙofar ƙaruwa ba. Shi kuwa amifostin, maganin da sojojin Amurka suka ƙirƙiro don fargabar yaƙin nukiliya, wanda daga baya aka yarda da shi wajen rage bushewar baki ga masu gashin wuya, ba ya iya ƙetare shingen da Allah Ya sa tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Wato kariyar da ta fi tabbata zuwa yau tana hannun na'ura mai kyau da ma'aikacin da ya iya saita ta. Su kuwa na'urorin nan ƙalilan ne a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, in ɗaya ta tsaya sai layi ya koma wata jiha.

Bari in ɗan ratse, don na san wani yana can yana cewa to ai wayar da ke kunnensa ma haske take fitarwa. Abin da waya da dogon ƙarfen sabis ke fitarwa dangin igiyar rediyon nan ne da kuke saurarenmu da ita, ba shi da ƙarfin tsinka zaren gado. Wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai samu alaƙa tsakanin waya da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Hoton ƙirji guda kuma bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan kwanaki ba. Duk wanda ya tallata maka kwalba ya ce tana wanke hasken waya daga kai, riƙe kuɗinka.

Yanzu mu shigo gida. Ga yadda abin yakan kasance. An sa wa mace ranar fara gashi, an sayar da tunkiya ko buhun shinkafa an haɗa kuɗin mota da na masauki. Daren tafiya uwa ta shigo da jarka an naɗe ta da zane, ta miƙa wa ƙanin majinyaciyar da zai raka ta. Ta ce, “Ungo, ka riƙa ba yayarka safe da yamma. Kada ka bari likita ya gani, faɗa za su yi.” Shi kuma ya ce, “To Inna, in Allah Ya yarda.” Ba zai iya musa mata ba, kuma ita ba ta yi don cuta ba. Ta ga 'yarta na shirin shiga hannun baƙi a garin da ba ta sani ba, abin da ke hannunta ke nan ta ba da. Jarkar nan takan kwana ƙarƙashin gado mako shida, likita yana ta mamakin abin da ya sa gwajin hanta ya hau, ko amai ya ƙi tsayawa, har ya dakatar da gashi na kwanaki. Kowace rana da aka tsallake kuwa, ƙari ne ya samu hutu.

Kuma kada mu raina ƙarfin itace. Daga wani ɗan fure na Madagaska aka samo binkiristin, allurar da ta ceci dubban yara masu sankarar jini. Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin illa. A Beljiyam farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha haɗin rage ƙiba da aka sa wa wani saiwa na ƙasar Sin, dangin abin da muke kira duman dutse. Lambar NAFDAC da kuke gani a jikin yawancin kwalaben gargajiya shaida ce cewa an duba lafiyar shan abin, ba shaida ce ta cewa an tabbatar yana warkarwa ba, hukumar da kanta take sa a rubuta hakan a jikin kwalba.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Miyar shuwaka, kunu da ɗan kimba, zoɓo a lokacin zafi, wannan abinci ne, kuma mai gashi yana buƙatar ya ci ya ƙoshi, sai in likitansa ya hana wani abu saboda gyambon baki. Amma jiƙo mai kauri, da garin da ake sha cokali-cokali, da ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi na kanti, da abin shafawa a fatar da ake haskawa, waɗannan a ɗauke su a kai gaban likita tun ranar farko, da kwalbar da sunan itacen da yawan da ake sha. Mai shan taba kuma ya ajiye ta, ko don waɗannan makonni. Ku kuma likitoci da ma'aikatan jinya, kuna da rabonku a wannan ɓoye-ɓoye. In tsohuwa ta san tsawa za a daka mata gaban jama'a, ba za ta faɗa ba har abada. Amma in aka ce, “Inna, me kuke ba ta a gida? Kawo mu gani, mu san yadda za mu haɗa hannu,” jarka za ta fito daga ƙarƙashin gado. Masu maganin gargajiya na kirki, kuma muna da su da yawa daga nan har Illo, su ma in an zauna da su an yi musu bayanin nan na gutsattsari, mafi yawansu za su ce wa majinyaci ya dakata sai ya gama.

Saura maganar masu ilimi da masu mulki. Ƙasar nan ta taɓa ɗaukar haɗin gargajiya ta kai shi har ƙarshen hanya. A shekarun 1990, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun Rabaran Paul Ogunyale, mai maganin gargajiya a Oyo. Masoro ne da kanumfari da karan dafi da wani itace dangin madobiya. Aka yi yarjejeniya da shi kan haƙƙinsa, aka gwada a dabbobi, aka gwada a masu amosanin jini, aka buga sakamako a 2001 cewa yana rage yawan tashin ciwon, aka sa masa suna Niprisan. Daga baya harkar sarrafa shi ta yi ta tuntuɓe, amma hanyar da aka bi tana nan a rubuce. Binciken shuwaka da kimba ya fi shekara goma da fitowa, kuma har yanzu abin da ya fi yawa a mujallunmu shi ne a canza ganye a maimaita gwajin nan na farko, ɗalibi ya samu digiri, malami ya samu ƙarin girma, takarda ta hau kanta. Wannan yana ci mini rai, don matakin gaba ba a sama yake ba.

Kebbi ba ta rasa murya a wannan fage ba. Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, an zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Janeba. Muna da jami'a a Aliero, muna da ta tarayya a Birnin Kebbi. Sakkwato kuma Allah Ya haɗa mata komai a gari ɗaya: tsangayar haɗa magunguna, tsangayar likitan dabbobi, da sashen gashi a asibitin koyarwa. Haka Zariya. Gwajin da ya kamata su haɗu su yi a bayyane yake. A samo ganyen daga wuri sananne a lokaci sananne, a auna sinadaransa. A dasa wa ɓera ƙari a ƙwaƙwalwa, a haska kan kaɗai, a rarrabe kamar yadda ake yi wa mutum. A bar shi ya rayu watanni, a gwada ko yana tuna hanyar da aka koya masa, a kuma auna ƙarin a ga ko ganyen ya ba shi mafaka. In ya kare tunani bai kare ƙari ba, sai a nemi izinin kwamitin ɗa'a a fara da mutane kaɗan waɗanda suka yarda da bakinsu. Da ɗan gari akan ci gari, don haka masu maganin Bagudo da Ka'oje da na tsallaken iyaka, waɗanda suka san wane saiwa ake haƙa a wane wata, a sa sunansu cikin yarjejeniya tun ranar farko, a rubuta kasonsu. Kuɗin wannan aiki kuma asusun TETFund da gwamnatocin Kebbi da Sakkwato da Zamfara suna iya ɗaukarsa in sun sa shi cikin kasafin baɗi.